Hannun Daman Kawu Alu

Jega,
6 ga Fabrairu, 1995.

Waliyyu,

"Inna, wallahi ba za a ga watan azumi ba sai ina zaune a kan tabarmar nan. Ni na kawo abin nan, ni zan koya masa, kuma in na dawo ba zan koma Ikko ba sai Kawu ya buge ni da hannunsa na dama." Kai ka faɗi haka a zauren gidan nan, da jaka a kafaɗarka, ran da za ka tafi. Ban ƙara ko wasali ba. Yau azumi shida.

To, sai gaisuwa, tunda ni an yi mini tarbiyya. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya ibada, ya gyaran talabijin ɗin mutanen Ikko da ya fi ƙarfin hanyar gida?

Kawunka Alu da sauƙi. Ƙafar ta saki, yana zuwa masallaci da sanda, bakin ma ya miƙe. Hannun dama ne ya ƙi. Likitan da muke gani a Birnin Kabi ya sake maimaita mini abin da ya faɗa tun ran da hawan jini ya buge shi: yatsun nan sai an sa su aiki kullum, in watannin farko suka wuce suna kwance, za su naɗe, kuma ba mai buɗe su. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa ta bayan katanga. Na zuba masa wake a faranti ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya, ya ce shi ba tsohuwa ba ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana ɗaure hannun nan yana shiga filin dambe daga Jega har Maiyama, wanda makaɗa ke kira Alu Turke, ba zai zauna tsintar wake ba. Abu ɗaya na taɓa gani ya motsa babban yatsan nan, shi ne na'urar wasan faɗan da ka haɗa masa da talabijin, a kwana taran da ka yi mana a Nuwamba.

Ka san tun rasuwar matarsa Zulai ba kowa a gidan nan. Na bar makarantata a Giwa Tazo, na karɓi hutun zango guda, na zo jinyar yayana. Wannan ban yi kuka da shi ba. Abin da nake kuka da shi, mace mai shekara arba'in da takwas, shugabar makaranta, ita ce yau ke zaune a gaban talabijin bayan la'asar, riƙe da abin dannawar nan da Kawunka ya raɗa wa suna linzami, tana dambe da yayanta. Na karanta ɗan littafin da ya zo cikin kwalin daga bango zuwa bango, da ƙamus a gefena. Wanda ya rubuta shi ya gaya mini aikin kowane maɓalli, amma bai gaya mini abin da mutum zai yi in ana dukansa ba. Sai in danne su duka lokaci guda, mutumina ya yi ta tsalle kamar an zuba masa garwashi a wando. Jiya Kawunka ya dube ni ya ce, "Ke Hindu, wanga ba dambe na ba, dakan hura na." Ya aje linzamin ya juya wa talabijin baya.

In kuma na bar shi shi kaɗai da na'urar, kafin yatsan ya sauka sau uku an gama da shi. Ni ban isa abokiyar karawa ba, ita kuma ta fi ƙarfinsa. Tsakanin biyun nan hannun yake mutuwa.

Ka zo. In kuma Ikko ta riƙe maka ƙafa, to ba ta riƙe maka alƙalami ba. Ka rubuto mini yadda ake wasan nan dalla-dalla, kamar kana koya wa ɗan aji ɗaya, wa zan ɗauka a cikin mutanen nan takwas, wa zan ba shi, me ake dannawa, me ake bari. Lauwali direban motar albasa ta Aliero zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa. In takardar ta yi wari, albasa ce, ba zuciyata ba. Ita nata ya fi haka.

Innarka,
Hindu.

Ikko,
19 ga Fabrairu, 1995.

Zuwa ga Inna Hindu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna shan ruwa lafiya. Ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni lafiyata lau. Inna, ki yi haƙuri. Maigidana ya yi tafiya ya bar mini shago, ba yadda zan rufe. Da ya dawo zan kamo hanya.

Ga abin da kika tambaya.

Kada ku riƙa canja mutum kullum. Kowa ya ɗauki ɗaya ya zauna a kansa har ya san tsawon hannunsa. Kawu ki ba shi mai ƙirjin nan da ke ɗaure da warkin fata, wanda ya sa wa suna Maƙeri. Ba shi da sauri, amma naushinsa ɗaya ya fi na wasu uku, don haka yatsan Kawu ba sai ya yi gaggawa ba. Kada ki bari ya ɗauki Dogo, ko da ya ce shi yake so. Dogo ƙafa yake aiki da ita, sai mai yatsu masu sauri, sabon shiga wahala kawai zai sha. Ke kuma ki ɗauki matar nan Mai Laima. Laimarta tana kaiwa nesa, za ki taɓa mutum shi bai taɓa ki ba.

Maɓallan hannun dama, ki manta da duka sai biyu: na ƙasa, ƙaramin naushi mai sauri, da na gefensa, babban naushi. Abubuwan nan na ban mamaki da littafin ya zana, a murza yatsa mutum ya yi juyi a sama, ki bar su tukuna. Wanda ya san maɓalli biyu sosai yana cin wanda ya san shida sama-sama. Tsallen nan kuma da kike yi, kibiyar sama kike dannawa ba ki sani ba. Ki bar ta. Mai tsalle ba ya iya kare kansa, kafin ya sauko an tare shi.

Layin da ke saman kan kowa shi ne jininsa. Ba a gama turmi sai layin ya ƙare ko lokacin turmin ya cika, kuma wanda ya ci turmi biyu shi ya ci wasa. Ki riƙa duban layin, ba fuskar mutumin ba.

Sai babban abin. Babu maɓallin kariya a wasan nan. Kariya ita ce ka danna kibiyar baya ka riƙe. In babu duka a hanya, mutuminka zai ja da baya. In duka ya taso, zai ɗaga hannu ya tare, jininsa ba zai ragu ba sai ɗan kaɗan. In kuma aka nufo ƙafa da shara, sai a haɗa baya da ƙasa, ya durƙusa ya tare. Wannan duk aikin hannun hagu ne, Inna, hannun Kawu mai lafiya. Hagu ta riƙe masa rai har dama ta samu lokacin saukowa. Ya tare, ya tare, ya jira abokin karawa ya kawo babban duka ya kuskure. A nan mutum yake tsayawa sake na ɗan lokaci, a nan yatsa ko mai nauyi ne zai same shi.

Ki gaya wa Kawu, a wannan filin wanda bai yarda ya ja da baya ba, ba ya kai turmi na biyu.

Ke ma ki gwada da na'urar ke kaɗai in yana barcin rana. Akwai wurin da ake rage mata ƙarfi, taurari ne a jere, ki mayar da su biyu. Ki gaishe mini da shi da kyau.

Ɗanki,
Waliyyu.

Jega,
5 ga Maris, 1995.

Waliyyu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Mun yi ta lafiya, mu biyu, da tuwon da na dafa na mutum uku don wauta.

Na sami takardarka. Na zauna gabansa na karanta masa da ƙarfi yadda nake karanta masa jarida, yana gyaɗa kai. Da na zo wurin Maƙeri har murmushi ya yi, ya ce, "Ya san mutumina." Ni da nake hana yara karatun da ido bai riga baki ba, ni ce na faɗa cikin layin nan naka na wanda bai yarda ya ja da baya ba kafin in ga inda ya nufa. Na gama faɗarsa. Can ya ce, "Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da maganag ga. Sai yanzu yas samu takardar da za ya naɗe ta."

Kada ka ce mini ba ka gane ba. Aliero, bayan an tuge albasa, kana ɗan shekara goma sha bakwai. Shi da kansa ya ɗaure maka hannu, shi ya tura ka fili a gaban mahautan garuruwa uku. Ka ja da baya taki ɗaya, ka ƙara, ka ƙara, har bayanka ya taɓa masu kalangu, ka juya kana kwance zaren hannunka kana tafiya. Shi kuma, wanda ya ɗauke ka tun ran da aka binne yayarmu mahaifiyarka, ya ce a gaban jama'a ba shi da ɗa. Ya yi laifi, na gaya masa a lokacin, ko da yake a ɗaki na gaya masa, ba a filin ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu. Amma in kana da amsar da za ka ba shi, ka zo ka ba shi a tsaye. Kada ka saka ta cikin darasi ka sa ni in karanta wa gurgu.

Yanzu ga abin da ka jawo. Ya rantse ba zai taɓa kibiyar baya ba. Gaba kawai. Durƙusawa kuwa, da na nuna masa sai da ya yi tsaki. Ka manta ƙa'idar gidanku? A dambe in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, kisa ne, an gama. To haka yake yi wa Maƙeri hukunci. Da zarar an share masa ƙafa ya faɗi, sai ya aje linzamin a tabarma. In ce, "Yaya, dubi layin, jininsa ko rabi bai kai ba, ga shi ya miƙe!" Ya ce, "An kashe shi, Hindu. Wanda anka kashe ba ya tashi ya ce a sake. In mutanen da sunka ƙera abin ga ba su da kunya, ni ina da." Sai mu zauna muna kallon Maƙeri a tsaye hannu sake, ana jibgarsa har layin ya ƙare. Na ƙirga, a yini yatsan nan bai fi danna goma ba.

Don in yi maka adalci, darasinka daidai ne. Na gwada da Mai Laima yana barci, na bar tsalle, na riƙe baya, na jira. Na buge mutum uku a jere, har na ji kaina ina cewa "ungo" a cikin gidan da ba kowa. Shekaranjiya kuma na yi abin da nake nadama. Muna karawa, wasan ya ɗebe ni, na share ƙafar Maƙeri da laima. Ya faɗi. Yayana ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne. Ya ce, "Ke ma kin iya." Tun lokacin bai ce a kunna ba.

Maigidan naka a ƙafa ya tafi Makka?

Hindu.

Ikko,
14 ga Maris, 1995.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da jiki. Na karanta takardarki sau uku a tsaye.

Na rantse da Allah ban tuna da Aliero ba lokacin da na rubuta layin nan. Abin da nake gaya wa duk wanda ya zo shago ya sayi na'urar ke nan. Amma tunda kin buɗe maganar, bari in daina ƙarya. Maigidana ya dawo tun kafin azumi. Ba shago ya riƙe ni ba.

Kwana tara na yi a gidan nan a Nuwamba, Inna. Ni nake kama shi zuwa bayi, ni nake ɗora masa yatsa a kan maɓalli. Bai kira sunana ba ko sau ɗaya. In zai yi magana sai ya ce miki, "Ce ma baƙonmu ya kusanto da ruwa." Muna wasa yana dariya, sai in ce yau zai faɗa, da an kashe talabijin sai in koma baƙo. Alkawarin da na yi a zaure da gaske na yi shi. Sau biyu ina zuwa tasha, sau biyu ina komowa. A Aliero tsoro na ji, ba wata dabara ba ce, na ga hannun mutumin nan na ji ba zan iya tsayawa ba. Yanzu ma tsoron ne.

Ga roƙona. Ki tambaye shi. In ya ce in zo, da bakinsa, ko kalma ɗaya ce, wallahi ran da takardarki ta iso ran nan zan hau mota. In kuma bai ce ba, ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni.

Kafin nan, kada yatsan ya kwanta. Ki daina share masa ƙafa. Ki kai Mai Laima kusa da shi ki riƙe baya, ki bar shi ya yi ta dukan laimar. Ba zai faɗi ba, ke ba za ki mutu da wuri ba, yatsan zai sauka sau hamsin a turmi ɗaya. Kada ki bari ya gane da gangan kike yi. Jefi-jefi ki kai masa ƙaramin naushi don ya ji haushi.

Ina jiran amsarki. Na ba Lauwali wannan hannu da hannu.

Ɗanki,
Waliyyu.

Jega,
27 ga Maris, 1995.

Waliyyu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ana zafi.

Mako uku ke nan. Na fahimci haka ake yi a Ikko, in an gaya wa mutum gaskiya sai ya shiga gyaran talabijin. Ban ga Lauwali ba, don haka ta gidan waya zan aiko wannan, kada ka ce mota ce ta ɓata.

Mun koma wurin likita. Ya lanƙwasa yatsun, ya miƙe su, ya ce akwai sauran rai a babban yatsa da manuni, sauran ukun sun fara tafiya. Na roƙi ƙarin hutu, an ba ni zuwa Sallar layya, an kuma gaya mini shi ne na ƙarshe.

In kana son sanin ko Kawunka yana cigiyarka, bai ambace ka ba, ni ma ban tuna masa ba. Mutum ya yi rantsuwa da bakinsa, ba sai an aika masa da goron gayyata ba.

Hindu.

Ikko,
8 ga Afrilu, 1995.

Inna,

Assalamu alaikum. Na ga amsa. Na gode da ba ki lallashe ni ba, haka na roƙa.

Ba zan zo in tsaya masa a ka ba, yana fama da jikinsa. Ki ci gaba da abin laimar nan da na gaya miki. In wayar linzamin ta tsinke ki aiko, zan ba Lauwali sabo. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki.

Waliyyu.

Jega,
23 ga Afrilu, 1995.

Waliyyu,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Kawunka yana da rai. Amma ran Laraba sha biyu ga wata, yana alwalar azahar, abin ya sake buge shi. Mun yi kwana shida a asibiti. Hannun dama ya tafi gaba ɗaya, likita bai ma ƙara lanƙwasa shi ba. Harshen ma ya tafi. Yana ji, yana ganewa, idonsa yana bin mutum, amma abin da ke fita bakinsa ba magana ba ce.

Takardunka biyu ran Alhamis suka iso tare. Motar Lauwali ta lalace a Jebba da ta farkon, ya cusa ta ƙarƙashin kujera ya manta. Sai da ka ba shi ta biyu, ya je ajewa wuri ɗaya, ya ga 'yar'uwarta. Ya tsuguna a zaure yana ba ni haƙuri. Ban iya yi masa faɗa ba, ni da ban taɓa rasa faɗa ba, don na riga na buɗe ta farkon na ga abin da ka roƙa.

Takardata ta ashirin da bakwai ga Maris ba amsar roƙonka ba ce, ban gan shi ba lokacin. Kuma abin da na rubuta a ciki ƙarya ne.

Ran Juma'a ashirin da huɗu ga Maris, bayan an sauko masallaci, ina madafa na ji ƙarar wasan. Shi ya kunna da kansa. Na leƙo ta taga. Dogo ya matse Maƙeri a lungu yana zuba masa ƙafa. Sai na ga babban yatsan hagu ya zame a hankali, kamar mai satar nama a tukunya, ya kwanta a kan kibiyar baya. Maƙeri ya ɗaga hannu. Duka huɗu suka sauka, layin bai motsa ba. Dogo ya kawo babbar ƙafa ya kuskure, yatsan dama ya taso, ya yi tafiyarsa ta mai ciwo, ya sauka. Ya same shi. Ya sake yin haka har sau uku. An kayar da shi daga baya, ya aje linzamin kamar kullum, wannan bai bari ba har ƙarshe. Amma da na shigo bai ɓoye ba. Ya ce, "Hindu, ashe mai ja da baya yana ganin hannun da ka zuwa. Ni shekara ashirin ban taɓa ganin shi ba, sai dai in ji shi." Sannan ya ce, "Rubuta ma Waliyyu. Ce mai ya taho. Ce Kawu nai yac ce."

Sunanka ya faɗa. Da bakinsa, ban tambaye shi ba.

Na ce to. Kwana uku ina juya maganar. Ina ganin mako uku ka yi mini shiru, ina ganin tuwon Sallar nan, sai na ce wallahi ba za a roƙe ka ba. Tsoho mai ciwo ba zai sauko wa mai lafiyar da ya karya rantsuwa ba. Na ce ka zo don alkawarinka, in ka iso sai ka ji sauran daga bakinsa, zai fi daɗi. Haka na gaya wa kaina. Na ɗauka akwai lokaci. Na zauna na rubuta maka cewa bai ambace ka ba, na liƙe, na kai gidan waya da ƙafata, na dawo ya tambaye ni ko na aika, na ce na aika. Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da fushi ya sa suka yi irin wannan, kullum ina ganin wautarsu tun daga shafi na goma.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Da ka zo kafin azumi kamar yadda ka rantse, da babu takardar da za ta kwana ƙarƙashin kujera, da babu wadda zan yi ƙarya a cikinta. Namiji mai shekara ashirin da takwas ya je tasha sau biyu ya komo! Ina jin haushinka har yanzu, sai dai yanzu ba ni da wurin tsayawa in ji shi.

Tun da muka dawo asibiti yana nuna talabijin da haɓa bayan la'asar. In kunna, in ɗora masa linzamin a cinya. Da hagu kawai yake riƙewa. Ba abin da zai iya dannawa sai baya. Maƙeri ya tsaya hannu a sama, ana dukansa yana tarewa, ba ya ramawa, har lokacin turmin ya ƙare. Sai ya dubi ƙofa, ya dube ni. In ce, "Yana hanya, Yaya." Kwana biyar ke nan ina faɗin haka.

Ga yadda za a yi. Layya ran Laraba ce, goma ga Mayu. Hutuna ya ƙare da ita. Ran Asabar sha uku da hantsi mota za ta zo ta kwashe mu zuwa Giwa Tazo, can zan ci gaba da jinyarsa a gidan makaranta. Babu wutar lantarki a can, na'urar ba ta da amfani. Kana da kwana ashirin. Ba zai iya maimaita maka abin da ya ce ba, sai dai ka yarda da maganar matar da ta riga ta yi maka ƙarya sau ɗaya. Ka zo ka zauna a tabarmar, ya gan ka.

Laifina zan gaya masa ko ka zo ko ba ka zo ba, ina jira ne kawai in ga ko zan faɗe shi kana kusa. In Asabar ɗin ta yi babu kai, zan durƙusa gabansa kafin a ɗauke shi, in ce masa saƙonsa na riƙe wata guda, na aika daga baya, ya isa hannunka, ba ka zo ba. Zan daina ce masa kana hanya. Zan naɗe wayoyin, in mayar da na'urar cikin kwalinta, in ba Lauwali ya kawo maka, in rufe gidan. Daga nan ba za ka ƙara ganin takardata ba, don ba sauran abin da zai ce in rubuta maka.

Innarka,
Hindu.